Hanyar da Yaya Umaru Ya Ƙi Buɗewa

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar yayana, Umaru heluma. Ya rasu ranar Alhamis, tsakanin azahar da la'asar, a tsakiyar damina, a gidansa da ke Tudun Wada ta Zariya. Waɗanda suke wurin su ne ni, da limamin unguwarmu, da wani direban babbar mota mai suna Yohanna wanda ya zo dubiya ya kasa komawa, sai Hajo, matar Yaya Umaru, tana zaune a bayan asabari. Maganarsa ta ƙarshe kafin kalmar shahada tambaya ce. Ya ji ɗigon ruwa daga indararo, ya ce, "An yi ruwa ne?" Hajo ta ce yayyafi ne. Ya ce, "To, a rufe hanya." Liman ya ce masa an rufe. Ba a rufe ba, amma ban taɓa ganin laifin liman ba.

Ban saba da irin wannan rubutu ba. Aikina karanta labarai da sanarwa ne a gidan rediyo, inda ake koya wa mutum ya faɗi abin da ya faru ya yi shiru. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bana, da ruwa ya ɗauke, an rufe wani yanki na babbar hanyar da ta fita daga Tudun Wada, ana tone tsohuwar kwalta don a faɗaɗa. Direbobi suna zagaye suna ƙunƙuni, yadda suka saba duk lokacin gyara. Wannan yankin na san shi. Yaya Umaru ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kansa, mafi yawan lokaci a sunkuye.

Mu ba 'yan birni ba ne. Daga arewa muka gangaro, shekarar da aka yi babbar yunwa, lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba, Tudun Wada kuwa 'yan bukkokin baƙi ne kawai a wajen ganuwa. Mahaifinmu ya rasu a hanya. Inna ce ta iso da mu, ni a goye, Yaya Umaru ya fara zama saurayi. Ba mu daɗe ba aka ɗebe shi cikin masu ɗaukar kayan gwamnati zuwa kudu. Da ya dawo ya tarar Inna ta rasu, ni kuma ina hannun wata maƙwabciya. Ya tambayi inda aka kai ta, aka nuna masa gabas da hannu, aka ce can inda ake kai baƙi. Mutanenmu ba sa rubuta suna a kan kabari, kuma a shekarar babu wanda yake da ƙarfin rakiyar wani zuwa nuni. Daga baya da aka keɓe wa unguwa makabarta a wannan nahiya, sai ya ɗauka nan ne. Duk Juma'a yakan tsaya a bakinta ya yi wa Inna addu'a.

Matasan yau ba su san hanyar burji ta wancan zamani ba. Jar marmara ake haƙowa da diga, a ɗauko a kwando a ka, a zuba, a baje, a yayyafa ruwa, a daɓe da gungumen itace. Damina ta zo ta cinye rabinta, da kaka a sake. Masu aikin mutanen ƙauye ne da hakimai suke aikowa, ba da son ransu ba. Kowace ƙungiya ana yanka mata yankinta, sai ta gama za a sallame ta. Yaya Umaru ya fara da ɗaukar kwando, har ya zama heluma, wato shugaban leburori. Matsayin heluma a bakin hanya yake, inda ake juye ƙasa, ba a ramin da ake haƙowa ba. Wannan ɗan bambancin shi ya jawo komai.

Shekarar da aka fara shimfiɗa yankin nan don motoci, Baturen hanya ya nuna wani ɗan tudu da ciyawa ta rufe, kusa da wurin aiki, ya ce a ɗebi ƙasa a nan don a rage nisan ɗauka. Bazara ce, hadari ya fara leƙowa, mutanen ƙauye hankalinsu yana kan sharar gona. Kwanduna suka riƙa isowa da ɓaraguzan tukwane a ciki. Yaya Umaru ya tambaya, masu haƙa suka ce kufai ne, tsohon mazaunin wasu mutane. Ya yarda, domin kowane kufai cike yake da fasassun tukwane. Bai kawo a ransa ba cewa a ƙasarmu, in babu itacen rufe mamaci, da fasassun tukwane ake rufewa kafin a mayar da ƙasa. A shekarar yunwa kuwa ba wanda ya iya saran itace.

Bayan shekaru wani daga cikin masu haƙar ya gaya masa gaskiya. Sun gani tun ranar farko. Manyan ƙasusuwan sun riƙa ware su suna binnewa a gefen rami, suka haɗa baki kada kowa ya faɗa, don in an ji za a mayar da su wani rami mai nisa, shuka ta wuce su. Ƙananan kuwa, na yatsu da haƙora da gutsattsarin da diga ta fasa, sun bi kwando. Jar ƙura ta rina su, ba a bambanta su da tsakuwa. Ban taɓa jin Yaya Umaru ya zagi mutanen nan ba. Abin da ya ce kawai shi ne su ma yunwar suke gudu.

Amma tun a shekarar aikin, ruwan farko ne ya tona. Da safe, bayan an kwana ana yi, Baba Sallau mahauci, wani dattijon unguwarmu, ya biyo sabuwar hanya zai tafi kasuwa. Ya hango Yaya Umaru yana duba inda ruwa ya zaizaye.

"Heluma, zo ka ga aikinka."

"Baba, in santsi ne, ba ni na yi ruwan ba."

"Ba santsi ba ne. Miƙo hannu."

Ya sa masa wani ɗan farin abu a tafin hannu. Yaya Umaru ya juya shi, ya ce na akuya ne.

"Tun ba a haife ka ba nake fiɗar akuya. Akuya ba ta da wannan. Daga ina kuka ɗebo ƙasar nan?"

Ya nuna masa tudun. Baba Sallau ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya sauke tiren da ke kansa ya ajiye a ƙasa.

"Can muka kai baƙi shekarar yunwa," in ji shi. "Har da tsohuwarka. Ni na riƙe makara ta wajen kai."

Yaya Umaru ya gaya mini cewa a lokacin ne ya ɗaga ido ya dubi hanyar da ya yi alfahari da ita jiya. Ruwa ya wanke ta, ta yi ja wur, kuma iya ganinsa akwai fararen ɗigo a warwatse a kanta, kamar an tafi da buhun shinkafa mai huji.

Ya yi abin da ya kamata. Ya je ya gaya wa Baturen ta bakin tafinta. Baturen ya cire hula, ya ba da umarni a daina ɗiban ƙasa a tudun, amma ya ce hanya ta riga ta shimfiɗu, ba mai ɗage ta. Ya je wurin liman. Liman ya ce wanda bai sani ba babu zunubi a kansa, abin da aka gani a tsince a binne, wanda ba a gani ba Allah ya san inda yake. Yaya Umaru ya ce, "Allah gafarta Malam, ban ce ina da zunubi ba. Cewa na yi tana kan hanya, mota tana bi."

Daga nan ya ɗauki wata hanyar aiki da ba a san wani heluma da ita ba. Duk kaka in an zo gyara, sauran helumomi sukan cike ramuka, su zuba sabuwar ƙasa a kan tsohuwa, su daɓe, su buɗe wa motoci. Shi kuwa sai ya sa a farfasa tsohuwar da fartanya tukuna, ɗan yanki bayan ɗan yanki, a watsa ruwa, shi da kansa ya bi a tsugune da rariya. Abin da ya samu yakan naɗe a ɗan farin ƙyalle, ya kai makabarta ya binne a wuri guda, gindin wata tsamiya. Saboda haka yankinsa ne kullum na ƙarshe wajen buɗewa. Kuma kaka ita ce lokacin gyaɗa da auduga, lokacin da kowane direba yake sauri ya kai kaya tashar jirgi. Sai an karkatar da su ta wata ɓarauniyar hanya a gefen fadama, inda mota ke kafewa har gindi.

Direbobi ba su raga masa ba. Na sha jin su, don a lokacin na girma, ina wucewa ta nan zuwa ofishin da nake aikin akawu.

"Heluma, yau ma?"

"Sai gobe."

"Jiya ma sai gobe ka ce. Goben nan taka mota gare ta? Kullum tana gabanmu."

"Ku ƙyale shi," wani ya ce daga saman kaya, "zinariya ya binne ya manta wurin."

"Wace zinariya? Tsakuwa yake zaɓa zai kai wa Hajo ta dafa."

Yakan yi murmushi ya ci gaba da tankaɗe. Suka sa masa suna Malam Sai Gobe. Bai taɓa gaya musu dalili ba, ya kuma roƙi Baba Sallau da liman su bar maganar. Na tambaye shi me ya sa, ya ce in an ji, wasu za su ji tsoron hanyar, sauran kuma za su saba, shi kuwa ba ya son ko ɗaya.

Yohanna, wanda na ambata a farko, da faɗa suka san juna. Mutumin Zariya ne, daga gidan Kiristoci, mahaifiyarsa tana aikin jinya. Wata rana motarsa ta kafe a fadama da lodin auduga, ƙarfen ƙafar motar ya karye. Ya taho a ƙasa, laka har gwiwa, yana rantsuwar sai ya kai heluma ƙara. Ya tarar da shi zaune, ƙyalle a buɗe a gabansa. Yohanna ya taso yana ganin abubuwa a asibiti, bai buƙaci bayani ba. Ya tsaya ya kalla, ya ce, "Na su wa ne?" Yaya Umaru ya ce, "Na baƙi." Yohanna ya juya ya koma wurin motarsa. Kashegari ya aiko da yadin alawayyo, farin da ake yin likkafani da shi. Tun daga ranar, in an buɗe hanya ya zo wannan yanki, yakan rage gudu kamar mai bin jana'iza, ba ya danna hon, har ya wuce.

Ni kaina na yi gardama da shi. Ban san Inna ba, ba ni da ko kamanninta a rai, kuma ina ganin yadda gwiwoyinsa suke kumbura. Wata rana muna cin tuwo a zaure na ce, "Yaya, mutane da yawa aka binne a tudun nan. Ko ka tsinci nata, ta yaya za ka gane?" Ya gama tauna lomarsa, ya ce, "Ba sai na gane ba. In na kwashe duka, ta fita." Lissafin daidai ne, ƙarfin mutum ɗaya ne bai kai ba.

Ƙarshe ƙorafin 'yan kasuwa ya kai ga wani sabon Bature, aka cire shi daga heluma. Don ba a same shi da sata ko lalaci ba, aka ba shi gadin shinge. A wancan lokaci doka ce in an yi ruwa mai yawa a gitta sanda a hana manyan motoci wucewa sai hanya ta sha iska, don kada taya ta kwaɓe ta. Aikin tsofaffi ne, albashinsa kaɗan. Hajo ta yi kuka. Shi kuwa ya dawo gida da fara'ar da na daɗe ban gani ba. Abin da yake nema ke nan: duk ruwan da aka yi zai wanko masa sababbi, kuma babu motar da za ta taka kafin ya bi. Ba ya ɗaga sandar sai ya je ƙarshen yankin ya dawo, ba takalmi, yana tafe ta gefe, idonsa a ƙasa. Sabon heluma yana ta zuba ƙasa mai tsabta a kai kowace kaka, abin da ake samu yana raguwa. Amma Hajo ta ce ba a taɓa yin damina guda da ya dawo da ƙyallen a wofi daga farkonta har ƙarshe ba.

A shekararsa ta ƙarshe aka fara maganar kwalta. Ya zo ya same ni, don ni ne mai karanta takardu a gidan.

"Kwaltar nan da ake faɗa, ruwa yana ratsa ta?"

Na ce ba ya ratsawa, amfaninta ke nan.

"Tana fashewa?"

"Sai bayan shekaru masu yawa."

Ya ce, "To, sai in yi sauri."

Daminar nan bai jira ruwa ya ɗauke ba. Yana zuba yake fita, don a lokacin ne farin ya fi fitowa. Sanyi ya kama masa ƙirji, ya kwanta, bai tashi ba. Ya bar wasiyya ɗaya, kada a bi da gawarsa ta kan hanyar. Muka bi ta bayan gidaje, muka ratsa gonakin dawa, laka tana cire wa mutane takalma. Direbobi da dama sun ajiye motocinsu sun zo, har da masu yi masa tsiya, suna karɓar makara suna tambayar juna me ya sa aka baro hanya mai kyau. Yohanna, wanda ya san dalili, yana biye a baya. An binne shi kusa da tsamiyar. Bayan 'yan shekaru aka zuba kwalta.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ina jin motocin ba za su ba shi mamaki ba, ya san za su yi yawa. Abin da zai tsaya kallo shi ne katafila, wadda take kwashe a wuni guda abin da ƙauye guda yake ɗauka a ka wata da watanni. Zai yi murna ba a ƙara raba mutum da gonarsa don aikin hanya, wannan na tabbata. Amma zai lura babu hannun da yake taɓa ƙasar, babu idon da yake kusa da ita. Mutanen da suka ɓoye masa gaskiya aƙalla sun ga abin da suka haƙo, sun ware wanda suka iya warewa. Mai tuƙa katafila yana can sama, ko yana so ba zai gani ba. Kuma direbobin da suke ƙunƙuni don an sa su zagaye, ina jin zai ba su haƙuri yadda ya saba, ba tare da ya ji haushinsu ba. Bai taɓa cewa ba su da gaskiya ba. Yakan ce mai kaya yana jiransu, su ma iyali gare su.

In an auna abin da ya rage nasa, ba shi da yawa. Bai bar ɗa namiji ba, gidan an sayar, Hajo ta rasu. Aikin da ya sa a gaba bai gama ba, kuma babu mai iya cewa ko Inna tana gindin tsamiya, ko tana ƙarƙashin kwalta, ko an raba ta biyu. Abu ɗaya ne na ga ya zauna. Har kafin a rufe hanyar bana, tsofaffin direbobi da waɗanda suka koya a hannunsu suna rage gudu a wurin, ba sa danna hon, kuma suna kiran wurin Sai Gobe. Na taɓa shiga motar wani matashi daga Kwangila, na tambaye shi dalili. Ya ce aljanu ne a wurin. Na ce wa ya gan su? Ya ce, "Wallahi Alhaji ban sani ba, haka na tarar maigidana yana yi." Ban gyara masa ba. Abin da Yaya Umaru ya nema wa mamatan nan bai samu ba, amma an rage musu gudu shekara da shekaru, daga mutanen da ba su san da su ba.

Makon jiya na je wurin aikin da hantsi. An ɗaye kwaltar, tsohuwar jar ƙasar ta fito, katafila tana tura ta tana tarawa. Na tsuguna na ɗebi ɗan kaɗan a hannu. Babu ruwa yanzu, komai ja ne, ban iya bambanta komai ba. Na nemi mai kula da aikin, wani mutum mai ladabi, na gaya masa abin da na rubuta a nan a taƙaice. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya jiƙansu, ya ce da an faɗa da wuri da an san abin yi, amma mafi yawan ƙasar an riga an kwashe. Na tambayi wani direban tifa inda suke kai ta. Ya ce ba a zubar da irin wannan, tsohuwar marmara ce mai kyau, masu gini suna rububinta don cikon ɗaki da tsakar gida.

An kai wata unguwar Gyallesu, an kai wata bayan Kongo. Gidajen da aka fara kai wa an riga an daɓe, an yi siminti, mutane sun tare.